WA KE BIN WA A KAN TITI?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya saba shiga mota a manyan biranen ƙasar nan, ko Ikko ne, watau Legas, ko Kano, ko Anaca, ko Fatakwal, ya sha gamuwa da wani irin cunkoso mai ɗaure kai. Ana cikin tafiya lafiya lau sai a ga fitilun burki sun kama jajawur a gaba, kowa ya tsaya cik. Fasinjoji su shiga miƙa wuya ta taga suna cewa lalle haɗari aka yi, ko kuwa wata tirela ce ta mutu a tsakiyar hanya. Can bayan an sha tafiyar hawainiya sai hanya ta buɗe, a wuce wurin ba a ga haɗari ba, ba a ga shinge ba, ba a ga ko rami ba. To, Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan cunkoso yana da dalili, kuma dalilin yana cikin yadda kowane direba ke bin wanda ke gabansa.

Yau fiye da shekara 70 ke nan masana lissafi da injiniyoyin hanya suna ƙoƙarin mayar da wannan bin baya zuwa ƙa'idar lissafi, wadda za a zuba wa kwamfuta ta nuna yadda titi zai kasance tun ba a malala masa kwalta ba. Da irin wannan lissafi ne ake yanke shawarar layi nawa za a yi wa hanya, da sakan nawa danja za ta ba kowane hannu, da kuma ko mahaɗa tana bukatar gadar sama ko shataletale ya ishe ta. Ke nan magana ce ta dukiyar jama'a, da lokacin ma'aikaci da ɗan kasuwa, da man da ake ƙonawa a banza, har ma da rayuka. Sai dai akwai wani ƙulli. Kusan dukkan ƙa'idodin nan an yi su ne a ƙasashen da motoci ke tafiya ɗaya bayan ɗaya cikin layin da aka shata musu, alhali kuwa a titunanmu babur da keke mai ƙafa uku da bas da tirela da mai amalanke duk a gauraye suke.

Asalin Lissafin

Wanda ake ɗauka ya buɗe wannan fage shi ne wani injiniya Ba'amurke, Bruce Greenshields, wanda ya riƙa kafa kyamara a gefen hanya yana ɗaukar hotunan motoci. A 1935 ya bayyana, daga awon da ya yi a jihar Ohio, cewa gwargwadon yadda motoci suka yi yawa a kan hanya, gwargwadon yadda gudunsu ke raguwa. Shi dai ya dubi motoci ne a dunƙule, kamar ruwa a cikin kwata. Masu duban direba ɗaya-ɗaya daga baya suka zo. A 1953 wani malamin Jami'ar Kalifoniya, Louis Pipes, ya ɗauki wata shawara da ake ba direbobin jihar, wadda ta ce a bar tazarar tsawon mota ɗaya a kan kowace mil 10 ta gudu, ya mayar da ita lissafi. Watau mai gudun mil 60 a awa sai ya bar tsawon mota 6 tsakaninsa da na gabansa.

Amma abin da direba ya kamata ya yi daban, abin da yake yi kuma daban. A 1958 wasu masana uku da ke aiki da sashen bincike na kamfanin General Motors, watau Robert Chandler da Robert Herman da Elliott Montroll, suka yi wata dabara don su auna gaskiyar al'amarin. Suka haɗa motoci biyu da wata siririyar wayar ƙarfe, wadda ke naɗe a jikin wani kwarkwaro a goshin motar baya. In tazara ta ƙaru waya ta warware, in ta ragu ta naɗe, wata na'ura kuma tana rubuta kome. Abu biyu suka gano. Na farko, abin da ya fi motsa ƙafar direba shi ne bambancin gudunsa da na ja-gabansa, watau ko yana cim masa ko ana tsere masa. Na biyu, martanin ba ya zuwa nan take, sai bayan kimanin sakan ɗaya da rabi.

Mai karatu na iya raina sakan ɗaya da rabi, to amma bari mu lissafa. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan, saboda haka za ta ci mita 25 kafin direbanta ya sāke wani abu. In gudun kilomita 100 ne, tafiyar ta kai kusan mita 42. Wannan jinkiri shi ne tushen rikicin. Alal misali, in na gaba ya ɗan sassauta, na biyu zai farga a makare, dole ya taka burki fiye da na farko. Na uku ya taka fiye da na biyu, haka nan abin zai yi ta girma har ya iso ga wanda ba shi da zaɓi sai tsayawa. Masanan nan sun sa wa ƙarfin martanin direba lamba, suka ninka ta da tsawon jinkirinsa, suka nuna cewa in sakamakon ya wuce rabi, ƙaramar tangarɗa za ta yi ta ƙaruwa tana komawa baya. In bai kai rabi ba, sai ta mutu da kanta.

Gwajin Da Ya Kawar Da Shakka

Tun a 1955 wasu masana biyu na Jami'ar Mancasta a Ingila, Michael Lighthill da Gerald Whitham, sun nuna da alƙalami cewa cunkoso yana tafiya kamar igiyar ruwa, yana iya komawa baya alhali motoci gaba suke yi. A ƙarshen shekarun 1950 kuma hukumar da ke kula da hanyar ƙarƙashin kogi ta Holland a birnin New York ta gwada tsayar da motoci na ɗan lokaci a bakin shiga tana sakinsu rukuni-rukuni, sai ga shi motocin da ke fita a awa sun ƙaru. Ashe dai gaskiyar magabata ne da suka ce sauri kan haifi nawa.

Gwajin da ya fi shahara shi ne wanda Yuki Sugiyama da abokan aikinsa suka yi a Japan, aka buga sakamakonsa a 2008. Sun jera motoci 22 a kan wata da'ira mai kewayen mita 230, suka ce wa direbobi kowa ya bi na gabansa a hankali da gudun kilomita 30 a awa. Babu danja, babu mahaɗa, babu rami. Da fari tafiya ta yi kyau, amma ba a jima ba tazara ta soma sāɓawa, wasu motoci suka cure wuri guda har suka tsaya, curin kuwa ya riƙa komawa baya da gudun kimanin kilomita 20 a awa. Wannan shi ne cunkoson da muka ambata da farko. Wanda ya haddasa shi ya riga ya yi nisa, bai ma san ya yi ba.

A tsakanin waɗannan shekaru an yi ta gyara lissafin. A 1974 Rainer Wiedemann na Jami'ar Karlsruhe a Jamus ya kawo hujjar cewa ido ba ya ganin ƙaramin bambancin gudu sai ya kai wani matsayi, shi ya sa direba kan matso ya ja baya, ya matso ya ja baya, ba ya taɓa zama a tazara guda. A 1981 Peter Gipps ya gina nasa a kan cewa direba yana zaɓen gudun da zai iya tsayawa lafiya ko da na gaba ya taka burki ba zato. A shekarar 2000 Martin Treiber da abokansa a Jamus suka fito da wanda aka fi amfani da shi a bincike yanzu. Manhajojin da injiniyoyi ke gwada hanya da su, irin su Vissim da Aimsun da SUMO, a kan irin waɗannan ƙa'idodi suke tsaye.

Inda Gizo Ke Saƙa

Dukkan waɗannan ƙa'idodi sun yi tarayya a kan sharaɗi ɗaya wanda ba a cika faɗarsa ba, domin a ƙasashen da aka yi su kamar ba ya bukatar faɗa. Sharaɗin shi ne kowace mota tana da ja-gaba guda ɗaya tak, wanda ke daidai saitin gabanta a cikin layinta. Da wannan sharaɗi lissafi yana da sauƙi. In kowace mota ta bar sakan 2 tsakaninta da ta gabanta, layi ɗaya zai ɗauki mota 1,800 a awa, tun da sakan 3,600 ne a cikin awa.

To, yanzu mai karatu ya dubi titi mai layi biyu, wanda faɗinsa kan kai mita 7 da ɗoriya. Faɗin babbar mota wajen mita biyu da rabi ne, ƙaramar mota ba ta kai mita biyu ba, keke mai ƙafa uku bai kai ɗaya da rabi ba, babur kuwa ko mita ɗaya bai cika ba. Wurin da fenti ya ce na mota biyu ne yana iya ɗaukar keke huɗu kafaɗa da kafaɗa, ko mota ɗaya da keke ɗaya da babura biyu. A irin wannan hali direban tasi yana iya ganin rabin bas a gabansa ta hagu, keke ta dama, ga babur ya kurɗo tsakaninsu. Wanne ne ja-gabansa? In bas ta taka burki shi zai taka, ko kuwa zai karkata ya bi bayan keke? Ƙa'idar General Motors ba ta da amsa, domin ita gaba da baya kawai ta sani, ba ta san hagu da dama ba.

Bugu da ƙari, tazarar da ake bari ta danganta da wane ne ke bin wane. Mai babur yana iya manne wa mota domin ya san zai iya kaucewa gefe, direban tanka mai ɗauke da mai kuwa yana bukatar fili mai tsawo kafin ya tsaya. In iri 6 na abin hawa ke kan titi, akwai haɗi 36 na mabiyi da ja-gaba, kowanne da halinsa. Haka nan a bakin danja, inda ƙa'idar ta ɗauka cewa wanda ya fara zuwa shi zai fara wucewa, babura kan ratsa ta tsakanin motocin da ke tsaye su taru a gaba, su ne kuma za su fara tashi.

Abin Da Indiya Ta Yi

Ƙasar da ta fi dagewa a kan wannan matsala ita ce Indiya, inda babura suka fi kowane abin hawa yawa. A 2005 Thamizh Arasan da Reebu Koshy na babbar cibiyar fasaha ta Madras, a birnin Chennai, suka bayyana wata hanyar kwaikwayon zirga-zirga wadda ta yi watsi da layi ɗungurungum. Sun ɗauki titi a matsayin fili guda, kowane abin hawa kuma a matsayin akwati mai tsawo da faɗi, wanda ke bukatar sarari a gabansa da kuma a gefensa, sararin yana ƙaruwa in gudu ya ƙaru. A Mumbai wasu masu bincike suka yayyanka titi zuwa siraran layuka, babur ya ci guda, mota ta ci da yawa, ta yadda matsawa gefe kaɗan-kaɗan za ta shiga lissafi.

Ba Indiyawa kaɗai suka sa hannu ba. A 2007 wani masani ɗan ƙasar Turkiyya, Banihan Gunay, ya nuna cewa in mabiyi ba ya daidai saitin ja-gabansa, gudunsa ya danganta da faɗin kafar da yake gani zai iya tsira ta cikinta. In kafar tana da faɗi ba ya tsoron matsowa, in ta ƙuntata sai ya koma bin baya irin na sauran. A 2011 kuma wasu masana a Amurka suka kwatanta al'amarin da rairayi da ke bi ta tsakanin duwatsu: manyan motoci su ne duwatsun, babura su ne rairayin, kafar da ta toshe wa babba a buɗe take ga ƙarami.

Amma ƙa'ida ba ta da amfani sai an gwada ta da abin da ke faruwa a zahiri. Amurka ta yi nata awon a 2005, inda aka ɗauki hoton motoci daga saman dogayen gine-gine a manyan hanyoyin Kalifoniya, ana rubuta matsayin kowace mota sau 10 a sakan. Wannan taska ta yi wa masu bincike amfani ƙwarai, sai dai kusan duk motoci ne masu bin layi. Saboda haka a 2014 wasu masana suka kafa kyamara a unguwar Saidapet ta birnin Chennai, suka bi sawun abubuwan hawa kimanin 3,000 a wani yanki mai tsawon kusan mita 250, fiye da rabinsu babura. A 2018 kuma masu bincike daga Lozan ta ƙasar Suwizalan suka tashi ƙananan jirage marasa matuƙi guda 10 a sararin birnin Atina na Girka, suka tattara sawun abubuwan hawa wajen rabin miliyan, har da babura masu yawa.

Babur Nawa Ne Mota Ɗaya?

Akwai wata lamba da ke nuna muhimmancin wannan aiki. Don a san nauyin da ke kan titi, injiniya kan mayar da kowane abin hawa zuwa ma'aunin ƙaramar mota. A Ingila, a bakin danja, ana lissafa bas a matsayin mota 2, babbar motar kaya 2.3, babur 0.4, keken hawa 0.2. Masanan Indiya, musamman Satish Chandra na Roorkee, sun nuna cewa a titin da aka gauraya wannan lamba ba ta zama wuri ɗaya. Tana sākewa da faɗin titi, da gudun da ake yi, da yawan kowane iri. Shi ya sa suka koma fitar da ita daga abu biyu, watau gudun abin hawa in an kwatanta da na mota, da kuma filin da ya mamaye a ƙasa.

In aka yi kuskure a wannan lamba, kome ya biyo ta. Ana iya ba wani hannu koren danja fiye da bukatarsa wani hannun yana ta jira, ko a kashe dukiya a kan gadar da ba za ta warware cunkoson ba. Wannan ne ya sa Indunusiya ta fito da littafinta na auna ƙarfin hanya a 1997, Indiya kuma ta kammala nata a 2017 a ƙarƙashin cibiyarta ta binciken hanyoyi da ke Delhi, maimakon dogara ga na Amurka wanda aka fara bugawa a 1950. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ina Ruwan Nijeriya?

Ruwanmu ne ƙwarai, domin yawancin kekuna masu ƙafa uku da baburan haya da ke titunanmu ƙirar kamfanonin Indiya ne, irin su Bajaj da TVS. Har wa yau, haɗin abubuwan hawa a biranenmu yana sākewa da umarnin gwamnati. A Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur, kekunan da aka fi sani da Adaidaita Sahu tun zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau suka cike gurbin. A Ikko dokar hanya ta 2012 ta hana 'yan acaɓa bin hanyoyi 475, a Yunin 2022 kuma aka hana sana'ar baki ɗaya a ƙananan hukumomi 6. Dalilan tsaro da yawan haɗari gwamnatocin suka bayar. Amma ko mene ne dalilin, keke ya ninka babur faɗi, ba ya iya kurɗawa inda babur ke kurɗawa, yana kuma tsayawa ɗaukar fasinja a bakin titi. Titin da aka auna a zamanin babur ya zama wani titi daban a zamanin keke, lambobinsa na dā sun tashi aiki.

Aikin auna wannan bai fi ƙarfinmu ba. Abin da ya sa Amurkawa ɗaure motoci da waya a 1958, yau kyamara ɗaya a kan gadar masu tafiya a ƙasa ko ƙaramin jirgi maras matuƙi zai yi shi, manhajar SUMO kuwa kyauta ce, tana kuma da sashen da ke barin babura su raba layi ɗaya. Muna da Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa tun 1978, da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya tun 1986, ga sassan injiniya a jami'o'inmu. Ya kamata duk hukumar da za ta ba da kwangilar gada ko danja ta tambayi mai zanen: lambobin da ka zuba wa kwamfutarka, a wane titi aka auna su, kuma a wace shekara?

Sabon Gauraye, Da Rabon Direba

A ƙasashen da suka ci gaba wani sabon gauraye ne ke damun masana, watau motocin da mutum ke tuƙawa tare da waɗanda kwamfuta ke riƙe wa totur da burki. A 2016 aka maimaita gwajin Japan a Tucson ta jihar Arizona, da motoci 20 da 'yan kai a da'ira mai mita 260, amma aka sa mota ɗaya mai sarrafa gudunta. Da cunkoso ya kunno kai, sai motar nan ta riƙe matsakaicin gudu, ta ƙi rugawa ta cike tazarar da ta buɗe a gabanta. Ita kaɗai ta kwantar da tsaye-tsayen, man da motocin ke sha ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ma mutum ne ya tuƙa motar, an dai gaya masa gudun da zai riƙe, kuma ya yi nasara.

Wannan darasi ba ya jiran gwamnati ko sabuwar mota. Direban da ya bar tazarar sakan biyu ko fiye, ya daina tsalle daga totur zuwa burki, yana shanye tangarɗar da ta zo masa daga gaba maimakon ya miƙa ta baya da ƙari. Gaskiya ne a titunanmu wani zai kurɗo ya shiga tazarar da ka bari, kuma wannan kurɗawa ita ce ainihin abin da masu lissafinmu za su auna su rubuta, da yawanta da lokacinta da wanda ke yin ta. Sai an yi haka ne kwamfutar injiniya za ta nuna titin Kano ko na Ikko kamar yadda direbobinsa suka san shi.